TARIHIN MARK TWAIN, YARON BAKIN KOGI DA YA ZAMA MAWALLAFI

Cikin littattafan hikaya da mutanen Amurka suka wallafa, kaɗan ne suka yi suna kamar labarin Huckleberry Finn. An fara buga shi a Ingila cikin Disamba 1884, sa'an nan aka buga shi a Amurka cikin Fabrairu 1885, har yau kuwa ba a daina karanta shi a makarantu ba, ba a kuma daina gardama a kansa ba. Sabo da haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihin wanda ya rubuta shi, tun ba malaman makaranta na ƙasar Haɗeja ba, waɗanda ke son su raba almajiransu ƙungiya ƙungiya su karanta littafin. Gama mutumin nan ɗan bakin kogi ne, littafinsa kuma labarin kogi ne, yaron da ya tashi a Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ya riga ya san rabin abin da ke ciki tun bai buɗe shi ba. Akawuna da ma'aji da duk mai riƙe da amanar kuɗi, su ma akwai abin da za su tsinta cikin yadda ya yi da masu binsa bashi.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Sunansa na yanka Samuel Langhorne Clemens. An haife shi ran 30 ga Nuwamba 1835 a wani ɗan ƙauye wai shi Florida cikin jihar Misuri, shi ne na 6 cikin 'ya'ya 7. Yana da shekara 4 ubansa ya ƙaura da su zuwa Hannibal, wani gari a bakin Kogin Misisipi. Kogin nan tsawonsa ya ɗara mil 2,300, shi ne kuma babbar hanyar fatauci ta ƙasar a zamanin. Can yaro ya tashi yana iyo, yana kamun kifi, yana gudun makaranta ya tafi bakin ruwa kallon jiragen tururi.

A lokacin nan Misuri ƙasar bauta ce, ana saye da sayar da baƙar fata waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka. Ubansa ma ya taɓa mallakar bayi. In an yi hutu a kan kai Samuel gonar mijin innarsa, John Quarles, inda ya shaƙu da wani bawa mai suna Daniel, gwanin tatsuniya, mai haƙuri da hankali. Da dare yara su kan taru a ɗakinsa su sha labari. Ya kuma taɓa ganin bayi maza da mata a ɗaure da sarƙa a bakin mashigin jirgi suna jiran a kai su kudu a sayar. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a lokacin bai ga laifin abin ba, domin bai taɓa jin wani babba ko mai wa'azi ko jarida ta garinsu ta kushe shi ba. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne mabuɗin littafin duka.

Cikin 1847 ubansa ya rasu ya bar su cikin talauci. Ba a daɗe ba Samuel ya bar makaranta, aka kai shi koyon aikin jera baƙaƙe a wata maɗaba'a ta garin, ladansa abinci da tufa. Cikin 1851 ya koma aiki a jaridar wansa Orion. Cikin 1853 ya shiga duniya, ya yi aikin ɗab'i a St. Louis da New York da Philadelphia. In an tashi daga aiki sai ya nufi ɗakin karatu na gari ya yi ta karatu har dare. Ilminsa duka ta nan ya same shi.

MAKARANTAR KOGI

Cikin 1857 ya roƙi wani gwanin tuƙin jirgi mai suna Horace Bixby ya koya masa sana'ar, suka shirya a kan dala 500. Aikin ba ƙarami ba ne. Tsakanin St. Louis da New Orleans akwai wajen mil 1,200, wajibi ne matuƙi ya hardace kowace kwana da kowane tsibiri da kowane kututture da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, ya san su da rana, ya san su cikin duhu. Bayan haka kogin ba ya zama wuri guda. Inda ke da zurfi bana, baɗi ya zama tudun yashi.

Mutanen ƙasarmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kogin Kano da na Calawa ke haɗuwa su haifar, ya kan rarrabu cikin fadama kafin ya gamu da na Jama'are su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Calawa cikin 1992 yanayin cikarsa ya sake, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyi da yawa. Tsohon masunci ko ɗan fito ya kan dubi fuskar ruwa ya gaya maka inda kwalekwale zai bi da inda zai kafe. Irin wannan ilmi ne Samuel ya shekara biyu yana koyo, har aka ba shi takardar shaidar tuƙi cikin Afrilu 1859. Albashin matuƙi a lokacin ya kai dala 250 a wata.

Kogin ya ba shi, ya kuma karɓa. Shi ya samo wa ƙanensa Henry aikin ƙaramin akawu a wani jirgi mai suna Pennsylvania. Cikin Yuni 1858 tukunyar jirgin ta fashe kusa da Memphis, Henry ya ƙone, bayan 'yan kwanaki ya cika yana da shekara 19. Samuel bai daina ɗora wa kansa laifin wannan ba har ƙarshen ransa.

Daga kogin kuma ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. A gaban jirgi a kan sa mutum da igiya mai darma yana auna zurfi yana shela. In ruwa ya kai gaba biyu, watau ƙafa 12, wanda shi ne zurfin da jirgi zai wuce lafiya, kalmomin da ya ke faɗa su ne Mark Twain.

DAGA HAƘAR AZURFA ZUWA ALƘALAMI

Cikin 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin Arewa da Kudun Amurka, tushen rigimar kuwa bauta. Aka rufe kogi, sana'a ta mutu. Samuel ya shiga wata 'yar rundunar sa kai ta 'yan Kudu, ya yi wajen mako 2 ya bar ta. Sai ya bi wansa Orion, wanda aka naɗa sakataren yankin Nevada, can yamma. Ya gwada haƙar azurfa, bai sami ko anini ba. Cikin 1862 ya kama aikin jarida a Virginia City, a nan ne cikin Fabrairu 1863 ya fara sa hannu da sunan Mark Twain.

Cikin 1865 ya rubuta wani gajeren labarin ban dariya a kan kwaɗo mai tsalle da wani ɗan caca, jaridun ƙasar suka yi ta bugawa, sunansa ya bazu. Cikin 1867 ya bi wani jirgin masu yawon buɗe ido zuwa Turai da Ƙudus da Masar, labarin tafiyar ya fito littafi cikin 1869, aka saye shi ƙwarai. Cikin Fabrairu 1870 ya auri Olivia Langdon, 'yar wani attajirin Elmira. Gidansu Olivia gidan masu ƙin bauta ne, sun sha taimakon bayin da suka gudo. Zama da su ya ƙara buɗe masa ido. Suka haifi ɗa namiji, Langdon, wanda ya rasu yana da wata 19, da 'yan mata 3, Susy da Clara da Jean. Suka zauna a Hartford, maƙwabciyarsu kuwa Harriet Beecher Stowe, wadda littafinta na 1852 a kan wahalar bayi ya girgiza Amurka.

LITTAFIN DA YA SHEKARA TAKWAS A HANNU

Cikin 1876 ya fitar da labarin Tom Sawyer, wanda ya gina a kan ƙuruciyarsa a Hannibal. Cikin shekarar nan ya fara na Huckleberry Finn, ya yi nisa sai ya cije, ya ajiye shi. Cikin 1882 ya koma ya sake bin kogin cikin jirgi, ya ga yadda baƙar fata ke zaune shekara 17 bayan an soke bauta cikin 1865. Da ya dawo ya ɗauki alƙalami ya ƙarasa.

Ga labarin a taƙaice. Huck yaro ne ɗan shekara 13 ko 14, ba uwa, ubansa mashayi ne mai dukansa. Ya gudu ya ɓuya a wani tsibiri, ya tarar da Jim, bawan wata tsohuwa Miss Watson, wanda shi ma ya gudo don ya ji za a sayar da shi kudu a kan dala 800, a ƙara nisanta shi da matarsa da 'ya'yansa. Suka hau wasu gungume da aka ɗaure wuri guda, suna bin ruwa da dare suna ɓuya da rana. Nufinsu su kai Cairo, inda Kogin Ohio ya shigo, su bi shi zuwa ƙasar da ba bauta. Hazo ya rufe su suka wuce mararrabar ba su sani ba, ruwa ya yi ta jansu kudu. A hanya suka ga gidaje biyu na masu arziki da ke kashe juna kan gabar da ba mai tuna mafarinta. Suka gamu da 'yan damfara biyu masu kiran kansu 'ya'yan sarauta, waɗanda a ƙarshe suka sayar da Jim a kan dala 40.

Zuciyar littafin tana babi na 31. Duk abin da aka koya wa Huck tun yana ƙarami ya nuna masa taimakon bawa ya gudu sata ce, kuma zunubi ne. Ya zauna ya rubuta wa Miss Watson takarda ya faɗa mata inda Jim ya ke. Sa'an nan ya tuna daren da Jim ya yi masa tsaro ya bar shi ya yi barci, da irin murnar da ya yi ran da ya gan shi bayan hazo. Sai ya yayyage takardar, yana mai gaskata cewa ya halaka kansa ke nan. Yaron ya aikata daidai alhali yana tsammanin ya yi laifi, mai karatu ne ke ganin abin da shi bai gani ba.

Littafin na fita, cikin Maris 1885 hukumar ɗakin karatu na garin Concord ta hana ajiye shi, wai harshensa na 'yan tasha ne, zai lalata tarbiyyar yara. A zamanin baya kuma ƙarar ta fito ta wani gefe. Akwai wata kalmar wulaƙanci da a ke kiran baƙar fata da ita, ta fito fiye da sau 200 cikin littafin, iyaye da yawa a Amurka sun ce 'ya'yansu na jin ciwo in an karanta ta cikin aji. Masana kuma sun soki ƙarshen labarin, inda Tom Sawyer ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali ya san tsohuwar ta rasu ta kuma 'yanta shi cikin wasiyyarta. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da tushe, bai kamata malami ya ɓoye su ba. Cikin 2024 wani mawallafi baƙar fata, Percival Everett, ya sake ba da labarin daga bakin Jim cikin littafi mai suna James, aka ba shi kyautar Pulitzer cikin 2025.

YADDA ZA A KARANTA SHI ƘUNGIYA ƘUNGIYA

Shawararmu ga malamai ita ce a raba aji ƙungiyoyi na yara 5 ko 6, a gauraya masu ƙarfi da masu rauni. Kowane yaro a ba shi aiki, a riƙa juya ayyukan kowane mako. Ɗaya shi ne shugaba, ya tabbata kowa ya sami bakin magana. Ɗaya akawu, ya rubuta abin da aka yarda da abin da aka saɓa. Ɗaya ya tattaro kalmomi masu wuya. Ɗaya ya riƙe taswirar kogi yana nuna inda aka kai. Ɗaya kuma ya maido da labarin makon cikin Hausa, don nan ne a ke gane wanda ya fahimta da wanda ya bi baƙi kurum. Littafin babi 43 ne, in ana cin babi 3 ko 4 a mako za a sauke shi cikin mako 12.

Abu biyu malami zai gabatar tun ran farko. Na ɗaya, Turancin littafin ba na jarrabawa ba ne. Huck ne ke ba da labari da bakinsa na yaron da bai yi makaranta sosai ba, Jim kuma da nasa karin harshe, kamar a ce an rubuta littafi wani na Haɗejanci wani na Sakkwatanci. A ji daɗinsa, amma kada a kwafe shi cikin insha'i. Na biyu, a bayyana wa yara asalin kalmar nan ta wulaƙanci da irin ciwon da ke cikinta, a hana su mai da ita abin tsokanar juna.

Kada kuma a bar yara su tashi da zaton bauta laifin wasu mutane ne can nesa. Ƙasar Hausa ma ta yi rinji da murgu da fansa, doka ba ta soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai cikin 1936. Zai yi kyau ƙungiyoyi su karanta littafin tare da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga cikin 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi. Sa'an nan a ba su tambayoyi su yi ta muhawara. Me ya sa Huck ya ƙasƙantar da kai ya nemi gafarar Jim a babi na 15 bayan ya yi masa wasan banza? Wane ne ya fi yi wa Huck aikin uba, mahaifinsa ko Jim? In abin da jama'a duka suka saba ya saɓa wa abin da mutum ya gani da idonsa, wanne zai bi? Malami ya zaga yana saurare, kada ya yi saurin yanke musu hukunci.

BASHI DA AMANA

Shekarar 1885 ita ce ƙololuwar arzikinsa. Kamfanin ɗab'in da ya kafa ya buga tarihin Janar Grant, tsohon shugaban Amurka, wanda ya ƙare rubutun kwanaki kaɗan kafin ya rasu a talauce, aka biya matarsa fiye da dala 400,000. Cikin shekarar nan kuma Twain ya ɗauki nauyin ci da kwanan wani ɗalibi baƙar fata, Warner McGuinn, mai karatun shari'a a Jami'ar Yale.

Amma gwanin alƙalami bai iya kasuwa ba. Ya zuba kimanin dala 300,000 cikin wata na'urar jera baƙaƙe da wani James Paige ke ƙerawa. Na'urar sassanta sun yi yawa, kullum tana lalacewa, har wata mai sauƙi da a ke kira Linotype ta riga ta kama kasuwa. Cikin Afrilu 1894 kamfanin ɗab'insa ya karye. Wani attajirin mai, Henry Rogers, ya shiga tsakaninsa da masu bin bashi. Bisa doka, da Twain ya ga dama sai ya biya wani kashi ya wanke hannunsa. Shi da matarsa suka ƙudura sai sun biya kowa cif.

Cikin Yuli 1895, yana da shekara 59, ga rashin lafiya, ya fita zagayen duniya yana lacca ana biyansa. Ya bi Ostareliya da New Zealand da Indiya da Silon da Afirka ta Kudu, ya shekara guda a hanya. Ya iso Ingila ke nan sai ga waya cewa 'yarsa Susy ta rasu a Hartford da ciwon sanƙarau, cikin Agusta 1896, tana da shekara 24. Allah Sarki! Cikin wannan baƙin ciki ya zauna ya rubuta labarin tafiyar, ya fito cikin 1897. Cikin 1898 ya gama biyan kowa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Tafiyar nan ta nuna masa yadda Turawa ke yi da mutanen ƙasashen da suka ci. Da ya koma Amurka cikin 1900 ya fito fili ya soki yaƙin da ƙasarsa ke yi a Filifin, cikin 1901 aka naɗa shi mataimakin shugaban ƙungiyar masu ƙin mulkin mallaka. Cikin 1905 ya wallafa wata ƙasida mai zafi a kan Sarki Leopold na Beljiyam, wanda ma'aikatansa ke yanke hannayen mutanen Kwango in ba su kawo robar da aka yanka musu ba. Muryarsa na cikin muryoyin da suka sa gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun sarkin cikin 1908.

Matarsa Olivia ta rasu a Italiya cikin Yuni 1904. Cikin 1907 Jami'ar Oksfod ta ba shi digirin girmamawa, shi da bai gama makarantar elementare ba. 'Yar autarsa Jean, mai fama da farfaɗiya, ta rasu ran 24 ga Disamba 1909. Shi kuma ya cika ran 21 ga Afrilu 1910 a Redding cikin jihar Connecticut, yana da shekara 74, aka binne shi a Elmira kusa da matarsa. Cikin 'ya'yansa Clara kaɗai ya bari. Wani abin mamaki, tauraruwa mai wutsiya da a ke kira Halley ta bayyana a shekarar haihuwarsa, ba ta sake dawowa ba sai shekarar rasuwarsa.

To, malamai, ga mutumin, ga littafinsa. Wanda makarantarsa ba ta da isassun kofe, littafi 2 sun ishi ƙungiya guda in ana karɓa-karɓa, tun da haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa ana kuma samunsa kyauta a intanet. A fara da zaɓen shugabanni da akawunan ƙungiyoyi, a zana Kogin Misisipi a allo kusa da namu na Haɗeja, sa'an nan a buɗe babi na 1.